Hodar da Ta Kai Abbanmu Wurin Yayarsa

Ƙarfe bakwai da 'yan mintuna Baba Mai Hoda yake buɗe shagonsa, kuma a shekara arba'in da ɗaya ban ji wanda ya ce ya taɓa zuwa ranar aiki ya tarar da ƙofar a rufe ba. Shagon yana can ƙarshen layin makanikai, tsakanin mai walda da wata mata mai sayar da fenti. Ƙofar ƙarfe ce mai taurin kai, sai ya sa mata kafaɗa. Abin da yake fara yi shi ne shara, shara kuwa irin ta mai jiran surukai, har ƙarƙashin benci. Sannan ya shimfiɗa wani tsohon bargo a ƙasa, ya jera ƙarafan buɗe taya guda uku waɗanda hannu ya goge har suna ƙyalli. A ƙarshe ya sauko da wata rigar filo mai ɗigon shuɗi daga jikin ƙusa, da gwangwanin hoda, da ƙaramin cokali. Sai ya zauna yana jira.

Mai faci ne, amma ba kowace mota ce tasa ba. Tasa ita ce tsohuwar mota, wadda ta girmi masu tuƙa ta, mai wili da wayoyi kamar na keke, mai taya da ake sa wa tiyub a ciki. Motocin yanzu sun daina amfani da tiyub, shi ya sa masu aikin taya na yanzu da yawansu ba su taɓa riƙe shi ba sai a keken 'ya'yansu. Masu irin waɗannan motoci a garinmu ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk sun san hanyar ƙarshen layin nan.

Ni na san shi tun ina 'yar shekara shida. Abbanmu yana da wata koriyar mota da ya saya kafin ya auri mahaifiyarmu, kuma duk lokacin da za a taɓa tayarta da ni ake zuwa, don ni ce 'yar fari, kuma na iya kuka. Sai a ɗora ni a benci, ƙafafuna suna reto, ina kallo. Baba Mai Hoda zai fara zura hannu cikin tayar yana shafawa a hankali, idonsa a lumshe, yana neman tsakuwa ko kan ƙusa. Sannan ya ɗan hura wa tiyub iska kaɗan, ya sa shi cikin rigar filon nan, ya zuba hoda cokali biyu, ya kama bakin ya girgiza. Tiyub ɗin zai fito fari fat yana santsi. Ya shafa ragowar a cikin tayar, ya juya ta ya kakkaɓe abin da ya yi yawa. In ya gama haɗawa ya hura iska, sai ya sake sace ta gaba ɗaya, ya ɗan buga tayar a ƙasa, ya sake hurawa.

Wata rana na tambaye shi me ya sa yake shafa wa taya hodar jarirai.

Ya ce, "'Yata, roba da roba in suka ji zafi mannewa suke yi. In suka manne, tiyub ba ya samun wurin gyara kwanciya, sai ya naɗe. Inda ya naɗe nan yake gogewa, inda ya goge nan yake fashewa. Hodar nan ita take barinsa ya miƙe ƙafa."

"To a zuba da yawa mana."

"In ta yi yawa sai ta dunƙule ta zama tsakuwa. Biyu ya isa."

Abbanmu ya yi dariya ya ce, "Kin ga wannan mutumin? Matarsa ta gaji da ɓoye hodar yara, yanzu gwangwani biyu take saye, ɗaya na jariri, ɗaya na maigida." Matar tasa, wadda muke kira Inna, ita ce ma ta ɗinka masa rigar filon. Ta rasu shekara bakwai da suka wuce, shi kuwa ya yi ta yi wa rigar faci a kan faci, ya ƙi a canja masa wata.

Har yau in na shiga kanti na ji ƙamshin irin wannan hoda, ba jariri nake tunawa ba. Benci nake tunawa, da muryar Abbanmu lokacin da take da ƙarfi, da yadda yake kiran sunana daga nesa ba tare da ya yi lalube ba.

Ba ni kaɗai ce mai shaida ba. Mai walda, wanda suka yi maƙwabtaka shekara talatin, ya ba ni labarin wani mutum da ya zo daga nesa da motarsa a bayan babbar mota, ransa a ɓace, taya ɗaya ta yi masa faci sau huɗu a wata guda, ya fara zargin maƙiya. Baba Mai Hoda ya zura hannu sau ɗaya ya ɓanɓaro wata 'yar takarda mai gam da masu yin tayar suke mannawa a ciki. Gefenta ne yake cin tiyub. Ya miƙa wa mutumin ya ce, "Ga maƙiyin naka." Wani tsohon likitan dabbobi kuma ya rantse mini cewa shekara goma sha ɗaya tiyub ɗinsa ya yi a taya, da aka buɗe ya zame ya fito kamar jiya aka sa shi. Mai fenti ita kuwa abin da ta fi tunawa shi ne faɗa. Ta ce ba ta san adadin masu gaggawar da ya sallama ba. In mutum ya fara duba agogo yana cewa a bar hodar nan haka, sai ya ajiye ƙarfe ya ce, "Ga shaguna can gaba, suna da inji." Ba ya ɗaga murya, ba ya kuma ɗaukar ƙarfen sai mutum ya zauna.

Duk wannan na sani. Shi ya sa abin da na yi a bana ba shi da uzuri, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Shekara uku ke nan da mantuwa ta kama Abbanmu. Ta fara da makulli da tabarau, ta gangaro kan hanyar gida, daga baya ta iso kan sunayenmu. Yanzu "malama" yake ce mini, cikin ladabi, kamar baƙuwar da ta zo aikin ƙidaya. Tun ranar da aka kai shi asibiti a motar ƙanena aka kwantar da shi mako biyu, ya daina shiga kowace mota. In aka buɗe masa ƙofa sai ya riƙe ginshiƙi ya ƙi saki. Mota ɗaya ce bai manta ba. Koriyar nan tana ajiye a rumfar gida shekara biyar ba ta motsa ba, amma kullum da safe sai ya je ya zauna a ciki, ya ɗora hannu a sitiyari.

Yana da yaya ɗaya tak, Gwaggo, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana zaune a wani gari mai tafiyar awa uku da 'yan kai. A watan da ya gabata 'yarta ta kira ni ta ce jiki ya yi tsanani, likita ya ce a sanar da 'yan uwa. Ta ce, "Ba ta tambayar kowa sai shi. Da ta farka sai ta ce, Auta bai iso ba?" Gwaggo ba ta ɗaukuwa, Abba ba ya shiga mota sai tasa. Hanya ɗaya ce ta rage.

Makanike ya tayar da injin a kwana biyu. Tayoyin sun tsattsage, da ƙyar muka samo sababbi guda huɗu da tiyub ɗinsu. Saura haɗawa. Na tuna da Baba Mai Hoda, na kuma tuna cewa taya huɗu a wurinsa wuni guda ne, ga shi na ji ana cewa hannunsa ya fara rawa. Sai na kai su wani sabon shago mai bangon gilashi, inda inji yake cusa taya cikin ƙiftawar ido. Ina tsaye na ga sun zaro tiyub daga leda sun tura shi haka nan a bushe. Na ce, "Ba ku sa hoda?" Babbansu ya dube ni ya ce, "Hajiya, nan ba ɗakin mai jego ba ne." Suka yi dariya. Ni ma na taya su, don kada a ce ni 'yar da ce. Wannan dariyar har yanzu tana ci mini rai.

Muka kama hanya da hantsi, ina tuƙi, Abba a gefena, ƙanena yana biye da mu a tasa motar. Abba ya sa hannu a bakin taga yana kallon bishiyoyi, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka har na manta. Ba mu cika awa ɗaya ba, rana ta fara zafi, na ji ƙara daga baya kamar an harba bindiga. Motar ta yi ta lilo, Allah ya taimake ni na tsayar da ita a gefen titi. Abba ya firgita. Ya riƙa tambaya su wane ne mu, ina za mu kai shi, me ya yi mana. Ya ƙi ko kallon motar ƙanena. Muka ciro tayar safiya, wato ta ko-ta-kwana, wadda take a bayan motar tun shekara tara, aikin Baba Mai Hoda, muka tarar da sauran iska a cikinta. Ita ta dawo da mu gida a hankali, don ba mu da ƙarfin halin ci gaba a kan sauran ukun, ta gaba ma ta fara saki. Da yamma 'yar Gwaggo ta kira. Na ji muryar Gwaggo daga nesa tana tambaya ko mun kusa.

Washegari kafin ƙarfe bakwai ina ƙofar shagonsa da wili biyar a bayan motar ƙanena. Shagon ya yi rabi, an ɗaure kaya a kwali. Ashe a ƙarshen makon zai rufe, 'yarsa za ta ɗauke shi ya koma wurinta. Ya gane ni nan take.

"'Yar Mai Koriya. Ina mahaifin naki?"

Na gaya masa komai, ban da dariyar. Ya karɓi fasasshen tiyub ya kai shi kusa da idonsa, ya bi wani dogon layi da yatsa.

"Kin ga nan? Naɗewa ya yi. A bushe aka sa shi." Ya ɗago ya dube ni. "An ce miki hannuna yana rawa, ko?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ƙarya aka yi miki ba, yana rawa. Ƙarfe ya fi ƙarfina yanzu. Amma ke kina da hannu, maƙwabcina yana da ƙarfi. Ajiye jakar nan, naɗe hannun riga."

Haka muka wuni. Mai walda ya kashe injinsa ya zo yana buɗe taya, ni ina girgiza rigar filo, Baba yana zaune a kan bargo ana miƙa masa. Abin da na gani da idona shi ne, hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi ba tare da ya zubar ba, da ya shiga cikin taya sai ya natsu. Ya ciro takarda mai gam daga kowace ɗaya. Ya tarar da wili biyu da robar da take rufe kan wayoyi ta zame, ya yanka sabuwa ya ɗaura. Tiyub biyu daga cikin ukun da suka rage sun riga sun yi layi, ya ce ba za su je ko'ina ba. Ya sa aka buɗe wani kwali da an riga an ɗaure, ya fito da na ƙarshe da yake da su, a naɗe cikin takarda, da hodarsu.

Ni kuwa ina ta duba waya. Da azahar ta wuce muna kan ta uku, na kasa daurewa na ce, "Baba, ko za a bar sacewar iskar nan? Ina tsoron kada mu makara."

Ya ce, "Na san abin da kike tsoro. Ni ma ina da yaya, ban same ta da rai ba. Amma in na gaggauta, a bakin titi labarin zai same ki, da tsoho a gefenki. Zuba cokali na biyu."

Na zuba. Hawaye yana ɗiga a kan rigar filon, ya ce in matsa da fuskata, hoda ba ta son ruwa. Sai na sami kaina ina dariya.

Bayan la'asar muka gama huɗu. Ya ce a bar masa ta safiya, zai kawo da kansa. Da sassafe kuwa sai ga shi a ƙofar gida, mai walda ya ɗauko shi, hannunsa fari da hoda don a ranar ya ƙarasa ta. Ya zagaya motar yana danna kowace taya. Abba yana zaune a ciki da baƙar rigarsa, yana kallon gabansa. Shekara shida rabonsu da juna. Baba Mai Hoda ya sunkuya ta taga ya dafa kafaɗarsa.

"Mai Koriya, an tashi lafiya?"

Ƙamshin hodar ya doki hancin Abba. Ya ɗan ja numfashi, ya sake ja. Sannan ya juyo, da wata murya da na yi shekara uku ina nema, ya ce, "Ka sa hoda?"

"Na sa."

"Cokali biyu?"

"Biyu."

"To, mu tafi."

Awa uku da minti ashirin muka yi, cikin rana mai ƙona kwalta, ba mu tsaya ba sai sau ɗaya don shan ruwa. Na sa hannu a tayoyin, da ɗuminsu amma ƙalau suke.

Muka tarar da Gwaggo a jingine da filo uku, ta zama 'yar mitsitsiya. Na riƙo hannun Abba na zaunar da shi a bakin gadon, ina tsoron kada ya ce mata malama. Ta daɗe tana kallonsa. Sai idonta ya sauka a kafaɗarsa, inda tafin hannun Baba Mai Hoda ya fito sarai a kan baƙin yadi, yatsu biyar. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta fara kakkaɓewa.

"Auta, shekara saba'in da tara, har yanzu ba ka iya tsare riga ba."

Abba ya dubi kafaɗar, ya dube ta, ya ce, "Yaya, ba ni ba ne."

Sun yi wuni biyu tare. Ba su yi wata doguwar hira ba, yawanci riƙe da hannu suke. Kwana shida bayan dawowarmu Gwaggo ta rasu, kuma 'yarta ta ce tun daga ranar ba ta sake tambayar ko wani ya iso ba.

Baba Mai Hoda, yanzu da kai nake. Kai ne ka yi shekara arba'in da ɗaya kana aikin da in ya yi kyau ba wanda yake gani, don cikin taya yake, a rufe. Mutum ya isa inda za shi lafiya, ya gode wa direba, ya yabi inji, ba ya tuna mai cokali biyu. Kai ne aka yi wa dariya a shagunan gilashi, har da ni a masu dariyar, ka kuma karɓe ni washegari ba ka tambayi inda na fara zuwa ba. Mai hannun da yake gani a duhun taya, na zo maka da kunya, ka ba ni aikin yi maimakon faɗa. Ka ce ba ka sami taka yayar ba. Ka sa wani ya sami tasa.

Ranar da ya rufe shagon na je. Ya share shi tas kamar kullum, ko da yake babu abin da ya rage a ciki. Ƙarafan uku ya bar wa mai walda. Na ɗauka rigar filon zai tafi da ita, sai ya ninke ta ya miƙo mini da cokalin. Na ce ai ta Inna ce, ba zan iya karɓa ba. Ya ce, "Ita don aiki ta ɗinka. Koriya tana nan, ke kuma kin iya."

Yanzu yana wurin 'yarsa, lafiyarsa lau in ban da hannun. An yi masa sabuwar jika, kuma 'yar tasa ta ce mini a karon farko a rayuwarsa ya shafa wa jariri hoda, sai da ya nemi cokali. Ni kuwa har yanzu in na bi ta layin makanikai sai ƙafata ta sassauta a ƙarshensa. Mai walda ya zuba rodi a shagon. Ƙusar tana nan a bango. Ina kewar ƙarar ƙofar nan, ina kewar bencin, ina kewar lokacin da mutanen da suka san yadda ake yin abu suke zagaye da mu har muna ganin ba za su taɓa ƙarewa ba.

Na gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ba hannunka hutu, ya jiƙan Inna da yayarka. Ku kuma masu aikin hannu, kowane irin aiki ne, akwai wani wuri a cikinsa da mai kaya ba zai taɓa buɗewa ya duba ba. Ku yi wannan wurin da kyau, don ba ku san wanda yake jira a ƙarshen hanya ba. Wanda kuma yake da irin wannan tsoho a layinsu, ya je ya zauna kusa da shi ya koya tun ƙofar tana buɗewa.

Abba ya koma ce mini malama. Kullum da safe yana zuwa ya zauna a cikin Koriya, ni kuma in tsaya daga nesa ina kallonsa. Baƙar rigar tana rataye a ɗakina. Gwaggo ba ta da ƙarfin kakkaɓe hodar duka, yatsu uku sun rage, kuma na hana a wanke ta.